Kumfa a rabin duro: daga Kano zuwa Damagaram da taya mai sacewa

Tayar gaba ta hannun dama ta fi wata guda tana yi min wasa da hankali kafin tafiyar nan. Ba kwanciya take yi ba. Idan ka tsaya daga nesa motar lafiya lau, sai ka durƙusa za ka ga cikin tayar ya ɗan baje a ƙasa, kamar mutumin da ya ƙoshi ya saki tumbi. Duk bayan kwana biyar ko shida nakan tsaya wurin mai facin bakin layinmu ya ƙara mata iska, in miƙa masa abin da ya samu in wuce. Har ya zame mana kamar gaisuwa. Yana hango ni sai ya jawo tiyo.

Da aka sa ranar ɗaurin auren ɗan yayar mahaifiyarmu a Damagaram, aka ce ni zan kai Kawu da autanmu, sai na ga wasan ya isa. Zirga-zirgar cikin gari daban, kilomita sama da 200 da tsallaka iyaka daban. Ranar Laraba na je na ce masa yau ba iska na zo sha ba, a duba min inda take fita.

Ya kwance murfin bawul, ɗan bututun nan da ake ba taya iska ta cikinsa, ya lakato yawu da ɗan yatsa ya shafa a bakin, muka zuba ido. Yawun bai kumbura ba. Ya zagaya tayar da tafin hannu yana laluben ƙusa, bai ji komai ba. Sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, “Oga, sanyi ne. Duk motocin da ke zuwa nan haka suke tun da hunturu ya shigo.”

Maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta shige ni. Iska tana takurewa idan ta ji sanyi. Duk saukar zafi da digiri 5 ko 6 kan rage wa taya kusan PSI ɗaya, wato awon ƙarfin iskar da ke cikinta, kuma tsakanin tsakar rana da asubar hunturu a Kano tazarar ba kaɗan ba ce. Ban da haka, taya ko sabuwa dal ce tana rasa PSI ɗaya zuwa biyu a wata, domin iska na ratsa jikin roba a hankali. Abin da ban tambayi kaina ba a ranar shi ne: wane irin sanyi ne wannan da ya bar taya uku ya zaɓi ɗaya?

Mun ɗan yi musu kan awo. Shi 40 yake sa wa kowa, mai Corolla da mai ɗaukar buhunan masara duk ɗaya. Na buɗe ƙofar direba na nuna masa takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, inda masu ƙera motar suka rubuta 30. Shi kuma ya nuna min 44 a gefen tayar. Na ce wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da motar ke so ba. Ya yi dariya irin ta wanda ya gaji da ’yan boko, ya sa min 30 ɗin. Daga nan na biya Ƙofar Ruwa na sayi ɗan gejin auna iskar taya mai kama da biro na jefa a aljihu. Shi ne abu mafi hankali da na yi a makon.

Juma’a bayan sallar asuba na auna duka huɗun tun ba su taka ko’ina ba. Uku 30, ta zargin 29. Kwana biyu a ajiye, ɗaya kacal ta rasa. Na ce to, wataƙila mutumin nan ya fi ni gaskiya.

Muka tashi wajen bakwai, hazo ya rufe gari, rana kamar faifan azurfa. Kawu a gaba da carbinsa da rawani ya naɗe har baki, Auta a baya tsakanin katan-katan na goro da alawa da atamfofin da mata suka haɗa. Tun da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, Kawu bai taka Damagaram ba, ko da aka buɗe a Maris na 2024 ciwon ƙafa ya hana shi. Saboda haka tun daga Dambatta yake lissafa min mutanen da zai tarar da waɗanda ba zai tarar ba. Nan da can muna hango aikin layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina ya dire Maraɗi. Kawu ya ce shi dai idan ya ga jirgi da idonsa ya yarda.

Ana gab da shiga Kazaure, duwatsun garin sun fara fitowa daga cikin hazo, na ji sitiyari yana jan hannuna zuwa dama. Ba da ƙarfi ba. Idan na sassauta riƙo sai motar ta fara lallaɓawa gefen titi kamar jakin da ya hango ciyawa. Na sauka na auna. Sauran ukun 33, domin taya idan ta yi gudu ta ɗau zafi awonta kan hau da uku ko huɗu. Ita kuwa 26. Wato abin da ta zubar cikin kwana biyu a gida, ta zubar da ninkinsa sau da yawa cikin awa ɗaya da rabi.

A nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Ban yi ba. Sauri nake.

Mai facin da muka samu a bakin hanya yaro ne, bai wuce shekara goma sha bakwai ba, maigidansa ya tafi karin kumallo. Ya ɗaga motar da jak, ya juya tayar a hankali yana kallo, sai ya yi ihu kamar wanda ya tsinci kuɗi: “Ga ta nan, Alhaji!” Kan wata ƙusa ne yana ƙyalli a tsakiyar tayar, ya goge ya yi sumul. Ni ma daɗi ya kama ni. Mutum idan ya daɗe yana neman ɓarawo, duk wanda aka nuna masa sai ya ga ya yi kama da shi.

Kafin in ce wani abu ya sa filaya ya zare ta, ya ɗauko tsinken nan mai kaushi ya burma a ramin yana murzawa, iska ta yi tsaki, ya soka robar faci mai danƙo, ya yanke saura da reza. Duka bai fi minti biyar ba. Kawu, wanda ba ya barin ƙarfe a kan hanya saboda ƙafar mutane, ya sunkuya ya tsince ƙusar ya sa a aljihun gaba. Aka cika tayar zuwa 34, na biya har da na goro, muka kama hanya ina jin kaina sakayau.

A Daura muka karya. Auta bai taɓa ganin rijiyar Kusugu ba, sai Kawu ya ce ba a wuce Daura da yaro ba a nuna masa inda Bayajida ya kashe macijiya ba. Rijiyar tana cikin gini yanzu, an kewaye ta, mai kula da wurin ya ja mana ruwa muka kurɓa. Auta ya leƙa ya ce shi ya zaci ta fi haka faɗi. Da muka fito na zaro gejina a ɓoye, kamar mai duba sakamakon jarrabawar da ya san bai yi karatu ba. 31. Daga 34. Na ce wa kaina ai ta huce ne da muka tsaya. Sauran ukun kuwa ba su sauka haka ba, amma na mayar da gejin aljihu ban faɗa wa kowa ba.

Mai’adua shiru, kasuwarta ta dabbobi sai Lahadi. A Kwangwalam aka yi abin da aka saba, takardun mota, takardun mutane, jira. Aka ƙetara Ɗan Barto aka sake wani jiran, wannan karon da Faransanci a kan takarda da Hausa a baki. Mun ɓata kusan awa ɗaya da rabi tsakanin ɓangarorin biyu, kuma na lura da wani abu da ya ƙara ɗaure min kai: duk tsawon tsayuwar nan tayar ba ta ƙara sauka ba. Muna hawa kwalta, ko in ce gudron kamar yadda mutanen can ke faɗa, na taka mota, kafin Matamaye sitiyari ya koma jan hannuna.

“Kai, ɗan nan,” in ji Kawu, “ko dai hannunka ne ya karkace?”

“Kawu, tayar ce.”

“Wadda aka yi wa faci?”

“Ita.”

Ya ja carbi biyu ya ce, “To ruwa ba ya tsami banza. A nemi babba.”

Babban da muka samu a Matamaye yana ƙarƙashin wata darbejiya, kusa da inda manyan motoci ke tsayawa. Dattijo ne siriri, gemunsa fari, hannayensa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Kayan aikinsa ba su fi na yaron Kazaure ba: injin iska, guduma, ƙarafan ɓanɓare taya, da rabin duro da aka tsaga a tsaye aka cika da ruwa wanda ya koma launin shayi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi Kano, ya sa aka shimfiɗa wa Kawu tabarma. Ni duk na ƙagu. Na fara yi masa bayani ina nuna facin, sai ya ɗaga hannu.

Bai taɓa tayar ba tukuna. Tambayoyi ya fara yi, kamar likita.

“Tun yaushe?”

“Ta fi wata, Baba.”

“In ta kwana a gida, da safe kana tarar da ita ƙasa?”

“A’a. Kwana biyu ta yi, ɗaya kawai ta rasa.”

“In kana yawo cikin gari?”

“Sai ta yi kwana biyar.”

“Yau da ka yi gudu?”

“Awa ɗaya da rabi ta zubar da shida.”

Ya gyaɗa kai. “Ka faɗa rami da ita kwanan nan? Ka goga ta da bakin kwalbati?” Na ce ramuka dai ai ba a ƙirga su, amma ban tuna wani babba ba. Ya ce a ina ƙusar take. Kawu ya laluba aljihu ya miƙa masa. Dattijon ya juya ta a tafin hannu. Guntuwa ce, ko rabin gaɓar yatsa ba ta kai ba. Ya durƙusa ya tsayar da ita a cikin ɗaya daga cikin kwarin zanen tayar, sai ga shi da ƙyar ta ɗara tudun robar. Ya dube ni.

“Malam, wannan ba ta shiga ciki ba. A kan tudu ta tsaya. Bayan tudun akwai roba, akwai waya, akwai wata robar. Da aka zare ta, an sa ruwa an ga kumfa kafin a soka tsinke?”

Na yi shiru. Auta, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce, “Ba a sa ba.”

“To kun biya kuɗi an huda muku taya,” in ji shi, ba tare da dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. “Ba komai, facin ya kama, kuma a tsakiya yake. Da a gefe ne da sai dai ku sayi wata, gefen taya ba ya ɗaukar faci. Yaro ne ya yi, ko? Ido ya gani, hannu ya riga kai.”

Sai a lokacin ya sa almajirinsa ya kwance tayar. Gejinsa ba irin namu ba ne. A Nijar da ma’aunin Faransawa ake aiki, abin da ake rubutawa bar, su kuma a baki kilo suke cewa. Kilo ɗaya ya kai PSI 14 da rabi, don haka 30 ɗina a wurinsa kilo 2 da ɗigo 1 ne. Tayar ta nuna 1.7. Ya bar ta a inuwa ta huce muna shan shayi, sannan ya cika ta zuwa 2.5, ya ɗauki gawayi ya rubuta lambar a jikin bango, ya jingine ta. Ana haka aka yi kiran sallah.

“Mu je masallaci,” ya ce. “Ita ma ta yi nata zaman.”

Raina bai so ba. Ina lissafin sauran hanya, ina lissafin masu jiranmu da abinci. Amma ba yadda zan yi, Juma’a ce, kuma motar tana kan jak da ƙafa uku. Muka bi ayarin mutane. Huɗuba da Hausa, sahu har kan titi, yara masu sayar da ruwa da dabino suna jiran a sallame. Da muka dawo, fiye da awa ɗaya, ya ɗora geji. 2.5. Ko gezau.

Ni a wurina wannan mummunan labari ne, tunda ga taya ta ƙi nuna laifinta. Shi kuwa sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce yanzu an rage masu laifi. Ƙusa idan ta huda, ba ruwanta da tafiya ko tsayuwa, tana zuba dare da rana, ko da wani lokacin takan toshe raminta da kanta ta riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan idan taya na juyawa. Allurar cikin bawul idan ta saki ko ƙasa ta shige ta, ita ma ba ta hutawa, kuma yawu ma yana kama ta. Abin da ke zuba sai an yi gudu, wani abu ne da gudu ke motsawa.

Duk da haka bai tsallake komai ba. Ya tsoma tayar a rabin duron, ya jira ruwan ya kwanta, domin kumfar farko ta iskar da ta maƙale a zanen taya ce, ba a kula ta. Ya riƙa juyawa kaɗan, kamar taƙi guda, ya tsaya, ya share saman ruwan da gefen hannu, ya zuba ido. Ya sake juyawa. Na ga masu faci da yawa suna wannan aikin, amma yawanci wulwula tayar suke yi sau ɗaya su ce babu. Shi kowane taƙi sai ya ba shi lokacinsa. Ya ce ƙaramar huda takan yi numfashi ɗaya ta yi shiru, sai ka ƙirga ashirin kafin ta sake. Da ya zo kan facin Kazaure ya daɗe a wurin. Babu komai.

Ya fito da ita ya kwantar a ƙasa, ya kaɗa garin sabulu a gwangwani, ya bi da’irar da roba ta haɗu da rim yana zuba ruwan a hankali har ya taru a kwarin. Ya ce nan ne maɓoyar da ta fi yawa a motocin da ke bin hanyoyinmu. Tayar da ba ta da tub, bakin nan nata ne kaɗai ke riƙe iska, ya manne da ƙarfe. Rim ya faɗa rami ya ɗan lotsa, ko tsatsa ta ci bakinsa, ko yashi ya shiga tsakani lokacin da ake ɗaurawa, shi ke nan an samu hanya. Irin wannan zubar ba ta yin manyan ƙwai, sai dai ka ga wani farin kumfa mai laushi yana taruwa kamar na nono. Muka jira. Ya kifa tayar ya yi wa bayan ma haka, yana cewa ɓangaren ciki ne aka fi mantawa da shi saboda ba ya kallon mutane, kuma shi rami ya fi duka. Ya bi jikin rim ɗin kansa ko akwai tsaga. Nan ma shiru.

Kawu daga kan tabarma ya ce, “Ko dai aljanu ne, Malam?”

“Aljanun taya ba su wuce biyar ba, Alhaji,” in ji dattijon. “Mun sallami huɗu.”

Ya mayar da tayar cikin ruwa ta yadda bawul ɗin ya nutse gaba ɗaya. Ba kumfa. Sai ya sa babban yatsa ya tura shi gefe guda. Ba kumfa. Ya tura shi ɗaya gefen, wajen bakin rim.

Sai ga su. Wani siririn zare na ƙananan ƙwai ya taso daga gindin bawul ɗin, daidai inda robarsa ta ratsa ramin rim, yana hawa saman ruwa a jere kamar tururuwa. Ya saki, zaren ya yanke. Ya sake turawa, ya dawo. Sau uku yana yi yana kallona, har sai da na durƙusa na sa nawa yatsan na gani da kaina. Auta ya ɗauki hoton bidiyo da waya.

Da aka tsane shi ya lanƙwasa min a rana, na ga tsagar. Ba ta kai kaurin gashi ba, ta zagaye kusan rabin gindin, robar wurin ta bushe ta yi fari-fari kamar diddigen da hunturu ya ci. Idan bawul ɗin na tsaye, tsagar a rufe take, iskar ciki ma tana ƙara matse ta. Idan taya ta ɗau gudu, juyawar kan wurga duk abin da ke jikinta waje, kamar yadda dutse ke jan majajjawa, sai bawul ya kwanta gefe, bakin tsagar ya buɗe. A cikin gari, inda ba na wuce gudun kilomita 40 ko 50 kuma ina tsayawa kowane lokaci, kaɗan yake buɗewa. A kan babbar hanya kuwa a buɗe yake wuni.

Sannan ya ɗauko murfin da almajirinsa ya ajiye a kan dutse ya auna nauyinsa a hannu. Ba baƙin murfin roba ba ne da aka sani. Wani na ƙarfe ne mai ƙyalli, an yi shi da siffar harsashi.

“Wa ya sa wannan?”

Auta ya sunkuyar da kai. Shi ya sayo su guda huɗu da kuɗinsa bayan ƙaramar sallah, ya ɗaura min a matsayin kyauta, ni kuma na yaba.

“Ba shi ya tsaga ba,” dattijon ya ce, ganin yaron ya ji kunya. “Rana ce da shekaru. Amma tsoho mai ciwon wuya ka ɗora masa tulu, ka taimaki ciwon.”

Ya nemi shekarun tayar. A gefen kowace taya akwai layin rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Tawa 3722, wato mako na 37 a 2022. Jami’an kiyaye haɗurra a Najeriya kan ce taya ta shekara huɗu ta gama aiki, don haka da sauranta. Amma ya ce in tuna, ranar da na sayi tayoyin nan, an sauya bawul? Ban ma san ana sauyawa ba. Ashe ƙa’ida ita ce duk sabuwar taya da sabon bawul, domin shi ma roba ne, yana tsufa. Nawa wataƙila tun waɗanda motar ta shigo da su daga Kwatano ne. An sauya riga sau biyu ko uku, maɓallin na nan.

Sauyawar ba ta da wuya amma sai an sauke bakin taya daga rim. Ya zare allurar, iska ta fita, ya taka gefen tayar da dogon ƙarfensa har bakin ya faɗa ciki. Kafin ya yanke tsohon bawul ya zura hannu cikin tayar ya shafo, ya duba tafinsa. Ya ce yana neman baƙin gari. Taya idan ta yi tafiya da ƙarancin iska, gefenta kan riƙa lanƙwashewa yana miƙewa sau dubbai, ta ɗau zafi, robar ciki ta fara murmushewa. Idan ka ga garin nan, tayar ta mutu ko da daga waje tana sheƙi, kuma irinta ce ke fashewa ana tsakiyar gudu a ce tsautsayi. Hannunsa ya fito da ƙura kawai. Ya leƙa facin daga ciki, ya ce idan na koma gida in sa a manna masa wani ta ciki, don na soke ba abin dogaro ba ne har abada.

Ya shafa wa sabon bawul sabulu, ya zura ta ciki, ya ja shi da wani ɗan ƙarfe har ya yi ɗas. Ya goge bakin rim da tsumma, ya shafa sabulu, ya ba da iska, bakin ya hau da ƙara biyu. Ya sake tsoma ta a ruwa, ya tura bawul gabas da yamma. Ruwa ya kwanta lumui.

Da za a mayar na ce a duba safaya, tunda an zo. Irin siririyar nan ce ta wucin gadi, wadda aka rubuta wa 60 a jiki kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita. Gejin ya nuna abin da bai kai kilo ɗaya ba. Tun da na sayi motar ban taɓa auna ta ba. Wato da tayar gaba ta kwanta mana a dajin da ke tsakanin Kance da Takeita, da mun fito da gawa don ta ɗauki mara lafiya. Kawu bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, na gwammace ya yi magana.

Sauran ukun ma dattijon ya bi su ɗaya bayan ɗaya a jikin mota, yana zuba ruwan sabulu yana lanƙwasa bawul. Ba wanda ya yi kumfa, amma na baya na hagu ya fara nuna zane. Ya ce zai kai ni ya dawo da ni, kada dai ya ga damina. Ya kwance harsasan Auta duka ya zuba masa a hannu, ya ɗauko baƙaƙen murafu na roba daga wani gwangwanin madara ya ɗaura.

Wajen biya na rikice kamar kullum. Ya ce ɗari da hamsin, na fara laluben ƙananan kuɗi, sai Kawu ya tuna min cewa a nan da dala ake ƙirga, kowace dala sefa biyar, wato sefa 750 yake nufi. Na ba shi jika guda, takardar sefa 1,000, na ce ya bar canjin. Ya ƙi. Ya ce bawul da iska da aiki ya faɗa, zaman jira kuwa ba a sayar da shi, ai tare muka yi. Da ƙyar Kawu ya sa ya karɓi goro biyar daga na biki.

La’asar ta yi kafin mu bar Matamaye. Muka wuce Kance, muka fita babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi a Takeita, muka karya dama. Na saki sitiyari na ɗan lokaci a wani miƙaƙƙen wuri, motar ta tafi ɗoɗar. Rana tana faɗuwa a bayanmu lokacin da manyan duwatsun Damagaram suka bayyana, jibga-jibgai, wani kan wani kamar an jera su da hannu. Kawu ya warware rawani daga bakinsa ya fara nuna wa Auta gari: can Birni, inda fadar Sarki take, ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, can Zango inda fatake ke sauka, ga hanyar kasuwar Dole. Ya ce nan ne babban birnin Nijar har 1926 da Faransawa suka mayar da shi Yamai, kuma har gobe mutanen garin ba su huce ba. A gidan biki an riga an fid da rai da mu, tuwon ya huce, aka sake ɗumama miya.

Washegari kafin a tafi ɗaurin aure na fito da sanyin safiya, mota ta yi fari da ƙura. Na durƙusa da babbar rigata na bi su da geji. 30, 30, 30, 30. Ina miƙewa na ga yaran gidan su uku a bakin zaure suna faɗa kan wani abu mai ƙyalli, na huɗu ya riga ya ɗaura nasa a kan bawul ɗin kekensa yana zagaye unguwa.